Ƙofa a Jikin Kasko

Shekara goma sha tara ina kwanciya ƙarƙashin jif ɗin nan,
bayana kan kwali, jar ƙasar Yuta na shigar mini wuya.
Noti goma sha huɗu ke riƙe da kaskon man giya.
Ka kwance sha uku cikin lallami,
na ƙarshen shi ne munafukin:
kasko ya karkace, mai ya kwararo
ja wur, da ɗumi kamar jinin yanka,
ya bi hannu, ya bi hammata, ya sami gemu.
Lorna takan tsaya bakin gareji, hannu a ƙugu,
ta ce, “Odell, yau kuma wa ka kashe?”

Bara muka binne ta.
Bana kafaɗata ta ƙi tallafar kasko.

Sai na gangara Mowab, shagon Archuleta.
Ya jera mini uku a kan kanta, ya koma ga kofinsa.

Na fari alminiyo ne, mai zurfi, da haƙarƙari a jiki
don iska ta sha zafin mai. Yana cin ƙarin lita biyu.
Kyau kam, ba a magana.
Amma tumbinsa ya sauko inci ɗaya da rabi,
ni kuwa na san duwatsun da ba sa jiran komai a duniya
sai inci ɗaya da rabin nan.
Ƙarfe in ya sha dutse lotsawa yake, ya kai ka gida.
Alminiyo girman kai gare shi, sai dai ya tsage.

Na biyu ƙarfe, mai araha,
matoshinsa a tsakiyar gindi,
ya turo kai waje kamar cibiyar jariri.
Na tuna Harlan a kwazazzabo, mil arba'in daga kwalta,
ranar da dutse ya fille wa nasa matoshin kai.
Bai ji komai ba, yana ta waƙa.
Mu da ke baya muka ga jan zare yana bin sa kan jan dutse,
har motar ta daina sauraron ƙafarsa.
Kwana muka yi a can, muna raba gwangwanin wake ɗaya.

Archuleta ya ce, bai ko ɗago ba:
“Duk ƙofar da ka yi don kanka, dutse ma ya gan ta.”

Na uku na juya shi a hannu.
Ƙarfe mai kauri, zurfinsa daidai da tsohon,
matoshi a gefe, ta baya, ya lafe cikin ɗan lungu,
da maganaɗisu a bakinsa mai kama garin ƙarfe.
Dala sittin da takwas.
Na ce da tsada. Ya ce rigunana nawa suka mutu?

Ya ƙara da gargaɗi yana ƙirga canji:
matoshi na koya wa mutum lalaci.
Ka tsiyaye, ka zuba sabo, ka ce ka gama,
matacin yana ciki yana toshewa, ba mai leƙa shi.
Jefi-jefi sai ka kwance sha huɗun nan,
ka dubi abin da giya ke ci a ɓoye.
Na ce likitana ma haka yake faɗa.

Ran Asabar na ɗaura shi.
Bayan wata huɗu na gwada: sifana ɗaya, juyi uku,
man ya sauko siriri, a natse, cikin bokiti,
ko ɗigo bai taɓa ni ba.
Na share baƙin gari daga maganaɗisu da babban yatsa,
na mayar, na ɗaure, na fito.

Rigata fara tas.
Na daɗe tsaye da sifana a hannu
ina duban bakin gareji.
Ba wanda ya tambaye ni wa na kashe.